YADDA CIWON DAJI KE FARAWA

An gina jikin mutum da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana sun ƙiyasta na baligi guda sun kai miliyan sau miliyan 30. Ƙwaya takan rabu gida biyu, biyun nan su zama huɗu. Da haka jariri ke girma, da haka miki ke warkewa.

Rabuwar nan kuwa bisa doka ake yinta. A tsakiyar ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, shi ke ɗauke da dokokin da take bi. Waɗansu aikin ƙaimi suke yi, su sa ta rabu. Waɗansu na linzami, su tsai da ita. Wanda ya yanke a yatsa, ƙwayoyin bakin mikin sukan himmatu da rabuwa, da nama ya haɗe sai su dakata. Ciwon daji, watau sankara, yakan fara ne daga ƙwaya ɗaya wadda ƙaimi ya kafe mata, linzami kuma ya tsinke.

Kafin kowace rabuwa tilas a kwafi zaren nan dukansa, mai kwafi kuwa ba ya rasa tuntuɓen alƙalami. Galibi nan take ake gyarawa. Akwai kuma wani mai tsaro cikin ƙwaya, sunansa p53, an gano shi a 1979. Shi ke hana rabuwa har a gama gyara, in ɓarnar ta faskara ya sa ƙwayar ta kashe kanta. Cikin kamar rabin ciwon dajin da ke kama mutane, an tarar mai tsaron nan ya lalace.

Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai sun taru ɗaya bisa ɗaya, sau da yawa cikin shekaru masu yawa, shi ya sa ciwon ya fi kama manya. Sa'an nan zuriyar ƙwayar ta taru ta zama ƙari, ta jawo wa kanta jijiyoyin jini, ta kutsa naman da ke kewaye. Daga bisani waɗansu su ɓalle, su bi jini su kafa sabon zango a huhu ko ƙashi. Ƙarin da aka kai asibiti tun bai kai haka ba ya fi sauƙin magani nesa ba kusa ba. Masu ɗauka jifa ne ko sammu, lokacin nan mai tsada suke ɓatawa.

Abubuwan da ke ɓata zaren suna da yawa, hayaƙin taba na kan gaba. Amma akwai wanda ya shafi manomi. A 1960 talotalo kamar 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Bincike ya nuna guba ce, aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi. A 1991 aka nuna gubar nan tana ɓata p53 ɗin ƙwayoyin hanta. In ta gamu da ciwon hanta nau'in B a jikin mutum ɗaya, haɗarin sankarar hanta yakan ninku ƙwarai.

Dafuwa ba ta kawar da gubar nan. Sai a busar da gyaɗa sarai kafin a zuba ta rumbu, a tsince mai fumfuna a zubar, kada a ba yara ko dabbobi. Allurar rigakafin ciwon hanta B kuwa tun ranar haihuwa ake fara yi wa jariri.