Kafin a Bar Kwalta a Gure: Takalmin Birki da Rairayin Gamu

Mai zuwa Gamu daga Damagaram ba ya cin moriyar kwalta har ƙarshen tafiyarsa. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa, tana kai shi Gure bayan tafiyar kimanin kilomita 170. Da ya karkata arewa, sai turɓaya da rairayi da kwaruruka. Shi ya sa motocin da ke jigilar mutane da kaya a wannan yanki galibi kat-kat ne, irin su Land Cruiser da Hilux, sai kuma babura. Direba kan duba taya da ruwa da mai kafin ya tashi, amma sau da yawa takalmin birki sai ya yi kuka ake tunawa da shi.

A kan kwalta, takalmi yana cinyewa ne gwargwadon yadda ake taka shi. A rairayi kuwa, ƙasa ce ke kutsawa tsakanin takalmi da faifan birki, tana gurzar su kamar dutsen niƙa ko da ƙafar direba ba ta kai wurin ba. Da damina, musamman daga Yuli zuwa Satumba, laka mai yashi kan shige gangar birkin baya ta bushe a ciki. Da hunturu ƙura ta karɓi aikin. Ga kuma lodi: motar ranar kasuwa da aka jibga wa buhunan gero, aka ɗaure awaki a gefe, mutane suka hau bisa kaya, tsayar da ita na sa birki ya yi zafi sosai, zafin kuma na ƙara cin takalmi.

Don haka lissafin kilomita ba ya wadatarwa a nan, sai an gani da ido. Sabon takalmin gaba kan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, in ya sauko zuwa 3 lokacin canji ya yi. Bakaniken da ya san aikinsa zai ɗaga mota da jak, ya cire taya, ya haska fitilar waya ya ga takalmin ciki da na waje, sannan ya bi faifan da farce. In farcen yana maƙalewa a cikin zane, yashi ya riga ya ci ƙarfen. In takalmi ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, ƙusoshin da birkin ke zamewa a kansu ne suka cije, sai an wanke an sa musu giris.

Akwai alamun da ke bayyana tun ana tafe: ƙara siririya kamar fito, gurnanin ƙarfe da ƙarfe, mota ta riƙa ja gefe guda in an taka, ko man birki ya yi ƙasa a kwalbarsa. Ƙara mai kawai ba magani ba ne, domin saukarsa na nuna ko takalmi ya cinye, ko akwai yoyo.

Sayen kayan ya fi sauƙi a Damagaram, kuma gara a tafi da tsohon takalmin a gwada, don ƙirar motocin ta bambanta. Ana canja hagu da dama tare, ba ɗaya ba. Man birki a zuba irin wanda aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, a kuma sabunta shi duk shekara biyu saboda yana tsotsar danshi. Baƙin mai ko kaɗan ne ya shiga, robobin birki za su kumbura su lalace. In an gama ɗaurawa, a yi ta taka birki har ya yi tauri kafin mota ta motsa, sannan a gwada tsayawa a hankali sau da dama tun ana kan kwaltar Gure.

Tuƙin ma da nasa salo. Taka birki da ƙarfi a rairayi mai laushi na sa tayoyin gaba su nutse, ɗaga ƙafa daga totur kawai ya isa ya rage gudu. Gangaren tudu da ƙaramar giya ake saukarsa. Bayan tsallake ruwa, a ɗan dafa birki ana tafiya sannu har ya bushe.

Fasinja ma yana da abin lura. In direba sai ya taka sau biyu ko uku kafin mota ta tsaya, ko kuma a kowane zango karen mota ke dirowa da sauri ya sa weji, gara a haƙura a jira wata. Mai hawan kabu-kabu ya sa a gwada birkin gaba da na baya a gabansa.

Wanda zai nufi Gamu ko Kelle da duwatsun Kutus, ko ya nausa Tasker, ya tanadi takalmin gaba saiti guda, kwalbar man birki, giris, sifanu, da faffaɗan katako da zai ɗora jak a kai don kada ya nutse cikin rairayi.