Amsoshin Tambayoyinku: Cok Mai Rage Hasken Fitilar Rainon Shuka

Wani mai sauraronmu daga Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina yana so ya raini dashen tumatir da tattasai a cikin ɗaki. Yana tambaya, mene ne amfanin cok mai rage haske?

To Malam, cok, wato balas, shi ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan fitila irin su sodiyam, don kada ta ƙone shi. Mai rage haske kuwa yana da maɓalli da za ka murɗa. Ƙwai mai wat 600 sai ka saukar da shi zuwa 400 yayin da dashe ke ƙanana, ka ƙara idan ganye ya yi ƙwari.

Amma a kula. Bari ƙwan ya yi kamar minti 15 yana ci kafin ka rage shi, kuma kada ka sauka ƙasa da rabin ƙarfinsa, don launin hasken zai canza. Idan aka ɗauke wuta, sai ya huce kafin ya sake kamawa. Don gane ko fitilar ta yi kusa da dashen da yawa, sa bayan hannunka daidai kan ganyen. In ka ji zafi, ɗaga fitilar sama.

Ga kuma lissafi: wat 600 na awa 16 yana cin yunit 9.6 kullum, ga zafin fitilar a kan zafin bazarar Katsina da ke haura digiri 40. Shawararmu, nemi fitilar LED mai rage haske, wadda sola ma za ta iya ɗauka. In kana da fili a tsakar gida, rumfar raga da hasken rana sun wadatar.