Tambayar Ɗan Gari Kafin Ziyarar Funtua da Malumfashi

A cikin shekarun da na yi ina aikin malamin gona a ƙasar Funtua da Malumfashi, akwai wani nauyi da ba a rubuta shi cikin takardar aikina ba, amma ya zame mini kamar wajibi, wato tarbar baƙi: ɗaliban aikin gona daga Samaru ta Zariya, da fatake masu sayen masara da waken suya, da waɗanda sha'awar ganin gari kawai ta kawo su na yini ɗaya ko biyu. Abin da na lura da shi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne galibinsu sukan iso da sunayen wurare a baki, alhali kuwa ba su tambayi kowa lokacin da ya dace da kowane wuri ba.

Ƙasar nan ƙasar noma ce, kuma al'amuranta duka a kan lokaci suke tafiya. Wanda ya ji labarin audugar Funtua, da hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Kaura Namoda wadda aka kammala a 1929 ta ratsa garin, da babban shirin bunƙasa noma da aka soma a nan a 1975 da taimakon Bankin Duniya, in ya taso a tsakiyar damina domin ganin hada-hadar cira da gurza, ba zai tarar da komai ba sai koren ganye da taɓon hanyoyin ƙauye, domin audugar sai da kaka ake cirarta. Haka nan tumatirin Danja na noman rani ne. Kasuwar hatsi ta Dandume kuwa, wadda manyan motoci ke ɗaukar kaya daga cikinta zuwa kudancin ƙasa, tana da ranakun cinta, kuma duk wanda ya saɓa musu zai sami rumfuna ba kowa, ya koma yana cewa an zuguguta masa labari.

Mafi muhimmanci daga wannan duka shi ne sha'anin hanya, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya saurara da kyau. Sanin kowa ne cewa yankunan Faskari da Sabuwa da Dandume da Kankara sun sha fama da fitinar 'yan bindiga, har a 2021 hukuma ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Funtua da Malumfashi. Taswirar da ke cikin waya takan nuna hanya mafi kusa, amma ba ta san wadda aka daina bi bayan La'asar ba. Wannan ilimi yana wurin direbobin tasha, waɗanda suka bi hanyar jiya kuma za su bi ta yau, don haka labarin da aka ba ka makon jiya ma ya tsufa.

Shawarata ita ce a raba tambaya bisa ga ahalinta: hanya a tambayi direba, kasuwa da farashi a tambayi dillali, gona a tambayi malamin gona, kuma a yi haka tun kafin a baro gida. Wanda kuma yake nufin shiga ƙauye, ko ziyartar tsohon garin Maska ko madatsar ruwa ta Mairuwa, ladabi da maslaha duka sun haɗu a kan ya fara yin sallama a ƙofar mai unguwa ko dagaci, ya bayyana ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. In ziyarar ta jama'a ce, a sanar da fadar hakimi, Sarkin Maska a Funtua ko Galadiman Katsina a Malumfashi, domin a haɗa su da ɗan rakiya wanda mutanen wurin suka san fuskarsa.