Kirarin Kai: Maganar da Ke Riƙe Mai Gudun Famfalaki

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa zuwa kallon dambe ko kokawa ya san ɗan wasa ba ya shiga fili baki rufe. Sai ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari tukuna. Mutane na zaton don ya razana abokin karawa ne kawai, amma rabin kirarin nan zuciyarsa yake yi wa. Darasinmu na wannan fitowa shi ne yadda mai gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani, zai ari wannan dabara. Ni ɗan Kurfi ne, kuma a Dutsin-Ma nake yin atisaye lokacin hutu tare da wasu abokai, muna shirin gasar Legas da aka fara a 2016, wadda aka saba yi a watan Fabrairu.

Ina matsalar take?

Tsawon gudun famfalaki kilomita 42.195 ne. Da wannan awo aka yi gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a 1921. Jikin mutum yana ajiye sukari a cikin tsoka da hanta, kimanin kalori 2,000. Wajen kilomita 30 zuwa 35 ajiyar nan takan kusa ƙarewa, sai jiki ya koma ƙona kitse, shi kuwa kitse ba ya ba da ƙarfi da sauri. Masu gudu suna kiran wannan wuri bango. Ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya ɗaure, sai wata murya ta taso a kanka: "Kai, wa ya aike ka? Tsaya mana!" Idan ba ka tanadi amsar da za ka ba ta ba, ita za ta yi nasara.

Shin maganar baki na aiki?

Tana yi, kuma an gwada. A 2014 wasu masana a Birtaniya, ciki har da Samuele Marcora, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 24. An sa su tuƙa keken motsa jiki har sai sun kasa. Sannan aka koya wa rabinsu gajerun kalmomin ƙarfafa kai, suka yi mako biyu suna amfani da su. Da aka sake gwajin, waɗannan sun ƙara daɗewa da kusan kashi 18 cikin 100, sauran kuwa ba su ƙaru ba. Abin da ya sauya shi ne yadda suke jin nauyin aikin. Tsoka ita ce dai, amma wahalar ta yi musu sauƙi a kai.

Shi ma Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, yana da takensa da kowa ya san shi da shi, mai nufin babu wanda aka yanke wa iyaka.

Yadda za ka haɗa naka

Na farko, ya zama gajere. Kalma biyu zuwa huɗu sun isa, yadda kowace gaɓa za ta faɗa kan taku ɗaya. Doguwar magana numfashi take ci.

Na biyu, ya zama da harshen da kake tunani da shi. Kalmar Turanci da ka gani a rigar wani ba lallai ta taɓa ka ba idan wuya ta yi wuya. Karin maganar da ka ji a bakin kakarka ta fi shiga jiki.

Na uku, ya gaya maka abin da za ka yi. Idan ka ce "kada ka tsaya", ka tuna wa kanka tsayawa ke nan. Ka ce "ɗaga ƙafa".

Na huɗu, ka tanadi guda uku, don tafiyar ba iri ɗaya ba ce. Ga nawa. A kilomita goma na farko, lokacin da jini ke tafasa kowa na son ya wuce kowa, nakan ce "sannu ba ta hana zuwa". Wannan birki ne, don wanda ya ƙona ajiyarsa tun da wuri bango zai tare shi da wuri. A tsakiya nakan ba jiki umarni: "saki kafaɗa, ja iska". Idan abu ya yi tsanani kuwa, sai in zuba ido kan falwayar da ke gabana in ce "wannan kawai". In na kai ta, sai in zaɓi ta gaba. Wani abokin gudunmu nasa kirari ne sak: "dutsen Kurfi, ba ka gajiya". Mukan yi masa dariya, amma fa a hawa babu mai kamo shi.

Na biyar, ka saba da shi tun a atisaye. Kalmar da ba ka taɓa furtawa cikin gajiya ba, ranar gasa ba za ta zo maka ba. Hunturun Disamba da Janairu ya dace da wannan, ga sanyin safiya, ga hutu.

Inda kirari ba ya aiki

A nan nake so ku saurara da kyau. Kirari ba ya maye gurbin watannin atisaye, ko ruwa, ko abinci, ko barci. Kuma akwai muryar da ba a yi mata gardama. Ciwon ƙirji, jiri, ruɗewa, gani dishi-dishi, ko jiki ya yi zafi zufa ta ɗauke, duk waɗannan gargaɗi ne. Ka tsaya nan take, ka shiga inuwa, ka nemi taimako. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankinmu kan haura digiri 40, don haka gudun rana a lokacin ganganci ne. Mai sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya fara.

Sannan kun san halin tsaro a yankinmu. Mu ba ma miƙa hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma da duhun asuba. Cikin gari muke zagayawa, a ƙungiya, bayan gari ya waye, kuma a gida an san inda muke.

Aikin wannan mako

Ka rubuta kalmomi uku a takarda: na birki, na umarni, na lokacin tsanani. Ka fita gudun minti talatin sau uku, kana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya hau takunka ka riƙe shi, wanda ya ƙi ka sauya. 'Yan'uwa mata, har da ku, ko da tafiya da sauri ce a filin wasa na makaranta. Wanda ya samu nasa ya kawo mana ofishin ƙungiya, mu buga a fitowa ta gaba.