Ɗan Dambe Mai Zaɓar Abokin Karawa

Ɗalibai, a darasinmu na sha'anin mulki mun ce zaɓen fid da gwani harka ce ta cikin gida, watau kowace jam'iyya ita ke tsai da nata ɗan takara. Haka doka ta nufa. Amma akwai wata dabara da nake so ku sani, gama ku ne malaman gobe, kuma yara za su tambaye ku.

Ku ɗauka an ba ɗan dambe dama ya zaɓi wanda zai kara da shi. Ai ba zai kira shago ba, sai ya nuna rago. To, haka wasu jam'iyyu ke yi: su sa kuɗi cikin zaɓen abokan hamayya don mai rauni ya fito.

Misalin da ya fi bayyana a Amurka aka yi shi, cikin 2012, a jihar Missouri. Sanata Claire McCaskill ta jam'iyyar Democrat ta duba mutum uku da ke neman tutar Republican, ta ga Todd Akin ne zai fi sauƙin kayarwa. Ba ta miƙa masa ko anini ba. Sai ta kashe wajen dala miliyan 1.7 kan talla, ana cewa Akin ya cika ra'ayin riƙau. Ga kunnen 'yan jam'iyyarsa kuwa wannan zagi yabo ne, suka tsai da shi. A watan Nuwamba ta kā da shi da tazara mai yawa, sa'an nan ta faɗi yadda ta yi a littafinta na 2015.

A nan gida abin ya fi sauƙi, in zaɓen na wakilai ne. Ku duba lissafi. Jihar Adamawa tana da mazaɓu 226, Nassarawo ta Mubi ɗaya ce cikinsu. A zaɓen fid da gwani na gwamna na APC cikin Mayu 2022, wakilai biyar kowace mazaɓa ta aika Yola. Aishatu Binani ta sami ƙuri'a 430, Nuhu Ribadu 288. Ban kawo wannan don zargin kowa ba, adadin nake so ku gani: da mutum 72 kaɗai sun juya daga ita zuwa gare shi, da tuta ta sake hannu. Wanda ke da jaka, ko daga wace jam'iyya ya fito, mutum saba'in ba su fi ƙarfinsa ba. Kuma kuɗin da aka ba da cikin dare a masauki ba ya barin sawu kamar talla.

Masu kāre dabarar sukan ce ba a tilasta wa kowa ba, 'yan jam'iyya da hannunsu suka zaɓa. Ni dai ban gamsu ba. Ragon da aka tallafa yana iya ci, sai jama'a su sha shekara huɗu da shi. Ko ya faɗi ma, an riga an yi asarar mutumin kirki. A Michigan cikin 2022 'yan Democrat sun kashe fiye da dala dubu 400 don John Gibbs ya ka da Peter Meijer, alhali Meijer yana cikin 'yan Republican goma da suka goyi bayan tuhumar Donald Trump a majalisa cikin Janairu 2021. Kujerar ta koma hannun Democrat, Meijer kuwa ya bar majalisa.