SA SABUWAR REDIYO A TARAKTA: A KULA DA BATIR

Manoma, yawancinmu a Jega da Aliero da Maiyama haya muke yi, ko kuwa taraktar ƙungiya muke jira. Idan ruwan shuka ya sauka, ta kwana ɗaya ba ta tashi ba, gonakin mutane da yawa ne za su makara. Sau da yawa kuwa ba injin ne ya lalace ba. Rediyo ce aka ɗaura barkatai ta shanye batir cikin dare.

Rediyo tana da amfani. Direba yakan ji labarin ruwa da shirin manoma daga Birnin Kebbi yana kan aiki. A dai ɗaura ta daidai.

Da farko a kashe inji, a zare makulli, a kwance kan batir mai alamar (-) tukuna. Kada a taɓa cire batir inji yana aiki. Tarakta irin Massey Ferguson 375 bolt 12 take amfani da shi, daidai da rediyon mota. Amma in tsohuwa ce ƙwarai, a duba: waɗansu na dā kan (+) ne aka ɗaure da jikinsu. Irin wannan sai a kira mai wayarin.

Wayoyi uku ne abin lura. Baƙa ta ƙasa ce: a kankare fenti da tsatsa, a ɗaure ta tam da noti a jikin ƙarfen tarakta. Rawaya ita ke zuwa kan (+) na batir, don rediyo ta riƙe tashoshinta. Ja kuwa wurin makulli za ta, inda wuta ba ta zuwa sai an murɗa shi. A gwada da ɗan ƙwan fitila a gane wurin.

To, a nan ne ake kuskure. Mai gaggawa sai ya murɗe ja da rawaya tare ya kai batir. Rediyo za ta yi magana kam, amma makulli ba ya kashe ta. Direba ya rage murya ya tafi gida, da safe sai turi, tarakta kuwa da garma a bayanta ba ta turuwa.

A sa fis mai lamba 10 a kan rawayar, kusa da batir. In ya ƙone a sayi wani a kasuwar Jega. Kada a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Haka tarakta ke kama wuta, ga dizal ga busasshen kara. Wayoyin kuma a naɗe mahaɗinsu, a ɗaure su nesa da salansa da fanka.

Rediyon a sa ta cikin akwati ƙarƙashin rumfa saboda ruwa da ƙurar hunturu. Bayan an gama huɗar albasa, in za a ajiye tarakta ta daɗe, a cire kan (-) na batir.