Darasin Turanci: Kalmomi masu kama da juna, ma'ana daban

Makon jiya wani ɗan'uwa ya kawo takarda ofishin masallaci mu buga masa hatimi. Yaron shagonsa ne ke neman aikin gadi a Dutse Alhaji, shi kuma ya rubuta masa shaida. A ciki ya sa "he hardly works". Nufinsa yaron na aiki tuƙuru. Abin da ya rubuta kuwa shi ne, da ƙyar yaron ke taɓuka komai. Da takardar ta tafi haka, da ya kashe wa yaron kasuwa da hannunsa.

Ba laifinsa ba ne. A makaranta an koya mana cewa in aka liƙa "ly" a ƙarshen kalma, ma'anar tana nan, kamar "quick" da "quickly". To, akwai waɗanda ba su bin wannan ƙa'ida. "Hard" shi ne tuƙuru, kuma bayan aikin yake zuwa: "he works hard". "Hardly" kuwa da ƙyar, kusan babu.

Haka "late" da "lately". Na farko a makare, na biyu 'yan kwanakin nan. Mu da yawancinmu haya muke yi a nan Ushafa, in mai gida ya ce "you paid late", ƙorafi yake yi, an makara da kuɗinsa. "Nearly" ma ba kusa da wuri ba ne, saura kaɗan ne. Wanda ya rubuta wa dila "I nearly paid" ya amsa da bakinsa cewa bai biya ba.

Wadda ta fi ba mu wahala ita ce "formerly" da "formally", domin a kunne kusan ɗaya suke. "Formerly" a da, "formally" a hukumance. Duk mai gyaran suna saboda na NIN ya saɓa da na BVN, a takardar rantsuwar kotu "formerly known as" ake so, wato sunan da aka san shi da shi a da. Mun ga wanda mai kwamfuta ya buga masa ɗayar, sai da ya sake biyan kuɗin mota zuwa Bwari.

Mai takarda ya kawo mu duba tare kafin ya sa hannu. Muna ofis Asabar da Lahadi bayan La'asar.